Kaye Huɗu a Kan Gado Ɗaya

Ranar Alhamis aka kawo mana Indo daga Gaffati, cikin watan Satumba, lokacin da zazzaɓi ke cika asibiti har baranda. Amma sai na fara daga Litinin ɗin makon, in ba haka ba ba za a ga inda nawa laifin yake ba.

Ni ce Habiba, majo ta ɗakin masu haihuwa, wato shugabar anfirme, masu jinya, ta wurin. Shekara ashirin da bakwai ina wannan aiki a Zinder. Ina da faɗa, kowa ya sani, ni ma ban taɓa musu ba. 'Yan staji, ɗaliban da makarantu ke turo mana su koyi aiki a kan marasa lafiya, da sun ji ƙarar takalmina sai kowa ya nemi abin da zai riƙe a hannu don kada in tarar da shi tsaye haka kawai.

Iri huɗu ake turo mana su, kowa da rigarsa. Masu karatun likita fara, masu karatun sajifam, wato ungozoma, ruwan hoda, nawa 'yan anfirme shuɗiya, na labo masu awon jini kuma koriya. Makarantunsu daban, malamansu daban, har inuwar da suke zama su ci shinkafa da wake da rana daban ce. Kowa kuma yana da kayensa, littafin staji mai layi-layi wanda malaminsa zai karɓa ƙarshen wata ya ba shi maki. Ɗan staji ya gwammace wayarsa ta ɓata da a ce kayensa ne ya ɓata.

A shekarar ne Dokta Tahiru, babban likitan ɗakinmu, ya dawo daga wani taro a Yamai da sabon abu. Ya ce daga yanzu ɗalibai huɗu, ɗaya daga kowace riga, za su riƙe gado ɗaya tare. Ya sa aka buga takarda mai gida huɗu aka rataye a ƙafar kowane gado, ya ce duk abin da ɗaya ya gani ya rubuta a nan take don sauran ukun su gani. Ya kuma ce a bisit, zagayen da muke yi da safe, kowa yana da bakin magana, kuma ƙarami ne zai fara.

Na ce masa, "Dokta, a Yamai ne aka ce maka anfirme tana magana a bisit?"

Ya yi dariya. "Majo, ke da ba wanda ya isa ya rufe miki baki?"

"Ni sai da na yi shekara ashirin kafin in buɗe shi."

Ranar Litinin ya tara su a ɗakin taro, ya kwantar da wata 'yar tsana ta roba mai girman mutum wadda yaran suka raɗa wa suna Hajiya Roba. Darasin ranar kan silfat ne, allurar da muke yi wa mace in hawan jini ya sa ta jijjiga wajen haihuwa. Magani ne mai kyau, ya ceci matan da ba zan iya ƙirgawa ba. Amma ta fitsari yake fita daga jiki. In ƙoda ta tsaya, sai ya taru, ya kwantar da jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga numfashi. Saboda haka kafin kowace allura, wato duk awa huɗu, sai an duba abu uku: fitsari yana zuwa, numfashi bai yi ƙasa ba, gwiwa tana zabura in an ɗan buge ta da gudumar roba.

To a ɗakinmu, tun kafin a haifi waɗannan yara, abubuwan nan a rabe suke. Fitsari da numfashi na anfirme ne. Guduma a aljihun farar riga take zama, ba mai taɓa ta. Sirinji kuwa na sajifam ne. Dokta ya san haka, shi ya sa ya ce su riƙa faɗa wa juna da baki. A kan Hajiya Roba kam sun yi abin a yaba. Wannan ta ce fitsari ya yi kaɗan, wancan ya ce to a dakata, waccan ta ajiye sirinji, aka tafa. Ina tsaye bakin ƙofa na ce a raina, ai roba ba ta da dangi, kuma ba ta zuwa ranar kasuwa.

Huɗun da suka fi burge Dokta su ne Mahamud mai farar riga, Fanta sajifam, Kassim na labo, da Nafisa, tawa. Nafisa 'yar Zango ce, siririya, mai ido a kan aiki. In ta ce ta ƙirga numfashi, to minti guda cur ta tsaya da agogo, ba irin masu leƙa fuska su rubuta ashirin ba.

Ranar Laraba a bisit Mahamud ya ce zazzaɓin wata mata ya sauka. Nafisa ta ce, a gaban Dokta, a gaban dangin matar, "Bai sauka ba. Talatin da tara na samu da safe." Dokta ya ce madalla, haka ake so. Mahamud ya sunkuyar da kai. Ni kuwa raina ya ɓaci, kuma har yau ba zan iya cewa don me ba, sai dai tsohon majon da ya koya mini aiki da bayan hannu ya koya mini, abin ya zauna a ƙashina. Ana gama bisit na kira ta ofis na rufe ƙofa.

"Ke yanzu kin zama likita?"

"Majo, Dokta ne ya ce..."

"Dokta gobe yana iya komawa Yamai. Ke nan za ki ƙare, a ƙarƙashin farar riga. In kin ga abu, ki rubuta a kayenki, ki kawo mini. Ni zan faɗa. Kin ji ko?"

"Na ji, Majo."

Ta kuwa ji ɗin. Nafisa ba a faɗa mata magana sau biyu.

Alhamis da misalin ƙarfe takwas motar asibitin ƙauye ta sauke Indo. Da safen ta haihu, ɗa namiji, lafiyayye, tana gama haihuwa ta soma jijjiga. Ƙafafunta sun kumbura har zanen lallen da ke jiki ya baje. Tare da ita akwai mijinta Ɗanjuma, manomi, dogo, da hula zanna da ta ji jiki, sai wata tsohuwa rungume da jaririn. Ni da kaina na yi mata allurar farko, na sa mata robar fitsari, na kwantar da ita a gado na bakwai. Dokta Tahiru ya duba ta, ya rubuta silfat duk awa huɗu, ya ce a auna jini a ga ƙoda. Sannan ya kira zaratansa huɗu ya ce, "Ga taku. In kun riƙe ta zuwa gobe, ta tsira." Daga nan ya shige ɗakin tiyata, mata uku suna jiransa.

Kassim ya ɗebi jini ya tafi labo. Mahamud ya bugi gwiwa da ƙarfe sha ɗaya, ta zabura, ya rubuta a kayensa. Takardar da ke ƙafar gado kuwa, na riga na lura tun farkon mako yadda suke yi da ita. Ba a ba da maki a kanta. Saboda haka kowa sai ya fara cika kayensa, da yamma in za a tashi su tsaya su kwafe mata abin da ya samu, da rubutu mai kyau, don Dokta ya gani ya ji daɗi. Na gani, na yi murmushi, ban hana ba. Wani ɓangare na zuciyata ma daɗi ya ji, wai ga abin Yamai ya zama ado.

Wajen sha biyu Indo ta farfaɗo. Na zo wucewa na ji tana tambayar Nafisa abin da ta haifa. Da aka ce namiji ta lumshe ido, ta ce na uku ke nan, duk maza, ita da ta so mai taya ta daka. Sai kuma ta ce a faɗa wa mai gidan ta bar gyaɗa a shanye bayan ɗaki, ga hadari tana gani ta taga.

Na ce, "Ke da kika dawo daga bakin kabari, gyaɗa ce ta dame ki?"

Ta ce, "Hajiya, ita ce miyar shekara."

Na yi dariya na wuce. Fanta ta zo da sirinjinta sha biyu daidai ta yi allura ta biyu. Makarantarsu Fanta kan cika lokaci take ba da maki, kuma Fanta ba ta taɓa makara da minti ɗaya ba.

Bayan azahar ɗakin ya rikice. Alhamis ranar kasuwa ce, duk wanda ya shigo gari daga ƙauye da mara lafiyarsa yake zuwa. Mata biyu a gado ɗaya, wasu a tabarma. Ana cikin haka na ɗaga kai na hangi Ɗanjuma ya shigo har tsakiyar ɗaki, yana dube-dube, hannunsa ɗaya a kan hularsa. Ga mata kwance ba ko mayafi.

"Kai malam! Nan ɗakin mata ne! Waje!"

"Hajiya, da ma..."

"Na ce waje! In ana nemanka za a kira ka."

Ya ce in yi haƙuri, ya juya ya fita. Aka soma ruwa.

Uku da rabi ina durƙushe a baranda ina neman jijiyar wata yarinya da zazzaɓi ya busar, na soka sau uku ban samu ba, sai ga shuɗiyar riga a gefena.

"Majo, gado na bakwai."

"Tana jijjiga?"

"A'a."

"Jini take zubarwa?"

"A'a, Majo, da ma fitsarin ne..."

"Kin rubuta?"

"Na rubuta."

"To ajiye a teburina, ina zuwa."

Ta tsaya kaɗan. Na ji tsayuwarta a bayana, wallahi na ji. Ban waiwaya ba. Ta tafi ta ajiye kayen a teburina, a buɗe, ta ɗora abin rubutu a kan layin don in gani. Ni kuwa daga yarinyar nan wata aka kira ni, daga waccan wata.

Mahamud a lokacin yana ɗakin tiyata. Makarantarsu tana son kowane ɗalibi ya kalli tiyata goma kafin ƙarshen staji, shi yana da takwas, ga uku a rana ɗaya. Ya shiga da gudumarsa a aljihu. Ƙarfe huɗu daidai Fanta ta zo da allura ta uku. Ta duba takardar ƙafar gado, ba komai a kai sai suna, ta ɗauka ba wata matsala ke nan. Indo ta ce mata jikinta zafi kamar an watsa mata ruwan wanka, kuma harshenta ya yi nauyi. Fanta ta ce ai maganin ne, haka yake yi. Nafisa ce ta juya mata Indo ta riƙe ƙugunta aka yi allurar.

Biyar da 'yan mintoci na ji an kira ni da wata irin murya da ban taɓa jin Nafisa ta yi ba. Ba ma "Majo" ta ce ba, "Mama" ta ce. Na iso na tarar da Indo kwance lumui, ido a rufe, fuska a sake kamar mai barcin gajiya. Ƙirjinta sai ya ɗaga, ya sauka, ka jira, ka jira, kafin ya sake ɗagawa. Na kalli jakar fitsari a ƙasan gado. Ɗan abin da ke ciki bai cika ludayi ba, ja kamar ruwan zoɓo. A nan na san abin da muka yi.

Na aika Fanta ta ɗauko kalsiyom, makarin silfat, na sa Nafisa ta kama balon da ake hura numfashi da shi, na tura a kira Dokta. Ya fito da rigar tiyata, Mahamud a bayansa. Mahamud ya zaro guduma ya bugi gwiwa, ƙafar ko motsi. Ya sake bugawa. Dokta ya ce masa, "Bari, ya isa." Mun yi duk abin da ake yi, mun danna ƙirji har hannuwana suka mutu. A wannan rabin awar kam ba wanda ya tuna launin rigar wani. Shida saura kwata Dokta ya kalli agogo ya ja mata zane.

Na ga mutuwa da yawa, har nakan ce ta daina taɓa ni. Wannan ta taɓa ni, don na san ba ciwon da ya kawo ta ne ya kashe ta ba.

Dokta bai ɗaga murya ba, da ma ba ya yi. Ya ce kowa ya kawo kayensa ofis ɗina, aka kira Kassim daga labo. Ya jera kayen huɗu a kan teburi, ya buɗe shafin ranar, muka tsaya muna kallo.

Na Nafisa yana nan inda ta bar shi, abin rubutu a kan layi. Sha biyu, fitsari kaɗan. Uku da rabi, kusan babu, numfashi sha biyu a minti. A gefe ta rubuta da ƙananan baƙaƙe: an sanar da Majo. Na Fanta, allura biyu, kowace a kan minti. Na Mahamud, gwiwa lafiya da sha ɗaya, sannan tiyata ta tara da ta goma. Na Kassim, sha biyu da rabi, sakamakon awon ƙoda, ya ja masa layi biyu da jan biro, ya rubuta a gefe da manyan baƙaƙe cewa da gaggawa ne.

Dokta ya bi shafukan da ido ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Kun gani? Babu kuskure ko ɗaya a nan. Duk malamin da ya karɓi kayen nan ashirin bisa ashirin zai ba ku." Ya ɗauko takardar ƙafar gado ya ɗora a tsakiya. Indo, Gaffati, gado na bakwai. Gida huɗu fari fat.

Ya juya ga Nafisa. "Kin san fitsari ya tsaya. Me ya sa kika riƙe ta aka yi allurar?"

Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta rawa. "Na ɗauka Majo ta gani ta ce a ci gaba."

"Me ya hana ki faɗa wa Fanta? Tana gabanki."

Nafisa ba ta ko kalle ni ba, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce ta nuna ni da yatsa. Na ce, "Ni na hana ta, Dokta. Jiya, a nan ɗakin, ƙofa a rufe." Na faɗa masa abin da na ce mata kalma da kalma, a gaban yaran. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na san kunyata ba ta amfani kowa da komai.

Dokta ya ɗora yatsa a kan jan layin Kassim. "Wannan fa? Sha biyu da rabi. Ina takardar?"

Kassim ya ce, "Na ba mijinta, Dokta. Ai labo ba ta kai sakamako, dangi ke karɓa a taga. Na ce masa ya kai wa likita maza-maza."

Fanta ta dafe baki. Ta ce wani mutum ya tare ta a baranda da takarda wajen ƙarfe ɗaya, ta ce masa ba tata ba ce, mai farar riga zai nema. Mahamud ya ce shi ma wani ya miƙo masa takarda yana hanyar shiga tiyata, ya ce masa ya kai wa Majo. Ni kuwa na tuna hannun nan a kan hula.

Na fita nemansa. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Na same shi ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke bakin ƙofa, yana magana da wani direba a kan yadda za a kai gawa Gaffati kafin duhu. Tsohuwar tana zaune kan dutse tana jijjiga jaririn, yana ta tsotsar hannunsa. Ɗanjuma yana ganina ya rusuna.

Na yi masa gaisuwa, ya amsa, ya ce kwananta ne ya ƙare. Sai ya cire hular. Takardar tana ciki, an ninke ta huɗu. Rigarsa ta jiƙe har tana ɗiga, amma takardar ko ɗigo bai taɓa ta ba.

"Hajiya, wannan aka ce in ba likita. Na yi ta zagaye ban gane wanda zan ba ba, ku duka likitoci ne a wurina." Ya miƙo mini da hannu biyu. "Ni ban iya karatu ba. Don Allah ki gaya mini gaskiya. Ko jinkirina ne ya jawo?"

Na ce, "Ba kai ba ne, malam. Wallahi ba kai ba ne. Ka kawo ta har gabana."

Ya sauke numfashi, ya mayar da hularsa.

"To alhamdu lillahi. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan." Ya dubi bayana, inda yaran huɗu suka fito suka tsaya bakin baranda, kowa da kayensa a hannu. "Ki yi mini godiya wurinsu, Hajiya. Tun safe nake leƙe ta taga, mutum huɗu na gani a kanta. Mu a ƙauye ko ɗaya ba mu da shi."

Na karɓi takardar, da sauran ɗumin kansa a jikinta. Ya juya ya ci gaba da magana da direban.